Ƙaramin Ƙurji, Babbar Ƙofa: Yadda Za Mu Kula da Fatar Yaranmu

Wannan jawabi ne da aka gabatar wa iyaye da masu aikin lafiya na sa-kai daga ƙauyukan Gwandu da Kalgo, a Wurogauri. An buga shi domin a karanta a taron zumuntar mata da na maza.

  Mun san wasu sun baro aikin fadama, wasu sun baro tukunya a kan murhu, saboda haka ba za mu yi ta kewaye-kewaye ba. Mu ba likitoci ba ne. Ma'aikatan raya karkara ne, kuma abin da muka kawo muku yau shi ne abin da muka koya daga ma'aikatan asibiti da abin da idanunmu suka gani a gidajenku da namu.

Maganarmu a kan ƙuraje ne, da gyambo, da maruru a jikin yara. Wani zai ce, "Yanzu a kan ƙurji aka tara mu? Wane yaro ne ya girma bai yi ƙurji ba?" Gaskiya ne. Yawancin ƙuraje sukan warke, su bar ɗan tabo kawai. Amma akwai waɗanda ba a fata suke tsayawa ba. Ku ba mu izini mu fara da labarin ɗaya daga cikinsu.

A wani hunturu da ya wuce mun je wani gida, muka tarar da yaro ɗan kimanin shekara biyar yana ta susa. Ƙazuwa ce ta kama shi, ya sosa har tsakanin yatsunsa da ɗuwawunsa suka zama gyambo. Mahaifinsa ya tafi cin rani. Uwar ta yi iya ƙoƙarinta: ta fasa kafso ta barbaɗa, maƙwabciya ta kawo baƙin mai aka shafa. Gyambon ya ɗan bushe, kowa ya ce an rabu da shi. Bayan kamar mako uku sai yaron ya tashi da safe fuskarsa a kumbure, fitsarinsa kaɗan ne kuma launinsa kamar shayi mai kauri. Aka kwana huɗu ana jiran saƙon maigida kafin a kai shi asibiti. Can aka ce ƙodarsa ce ta taɓu, kuma gyambon nan da aka raina shi ne sanadi. Yaron ya tashi, mun gode wa Allah, amma sai da akuyar uwar da buhun shinkafa suka tafi. Da an yi maganin ƙazuwar tun farko, da abin da aka kashe bai kai kuɗin kaza ɗaya ba.

FATA KATANGA CE

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fatar mutum katanga ce da ke tsare jiki. A bayanta akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. Guda biyu ne suka fi damun fatar yara. Ɗaya ana kiranta sitafilokokus. Ita ce mai haɗa mugunya da maruru, kuma mutane da yawa suna ɗauke da ita a cikin hanci ba tare da ta sa musu ciwo ba. Ɗayar ana kiranta sitireftokokus, wadda takan kawo ciwon maƙogwaro, ita ce kuma ta taɓa ƙodar yaron da muka ba ku labari. Muddin katangar na nan lafiya, waɗannan ƙwayoyi ba su da hanyar shiga. Da zarar ta tsage, sai su kutsa.

Me ke tsaga katangar a wajenmu? Kowane lokaci na shekara da nasa. Da damina, cizon sauro ne da yaro ke sosawa, da yawo cikin taɓo da ruwan fadama. Shekarar da aka yi ambaliya, kamar 2020 da ruwa ya cinye gonakin shinkafa a jihar Kebbi, mutane kan cunkushe wuri ɗaya, tsabtataccen ruwa ya yi wuya, ciwon fata ya yawaita. Da kaka, ƙaya ce da tushen kara da ke yankan ƙafar yaro marar takalmi. Da hunturu, ana rage wanka saboda sanyi, yara huɗu ko biyar na kwana cikin bargo ɗaya, ƙazuwa ta sami yadda take so. Da bazara kuwa ƙurajen zafi ne da maruru. Ban da waɗannan akwai ƙyanda da ƙarambau, da askar da aka yi wa mutum goma aski ko kaciya da ita ba a tafasa ba, da hujin kunne, da cibiyar jariri wadda ba ta warke ba.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. Wani lissafi da masana suka fitar a 2015 ya nuna cewa yara fiye da miliyan 162 a duniya na ɗauke da gyambon saman fata a kowane lokaci, yawancinsu a ƙasashe masu zafi inda ruwa da sabulu ke wuya. Saboda haka ba abin kunya ba ne, ba kuma zancen ƙazantar wata uwa ba ne. Ciwo ne, yana da sanadi, yana da magani.

IRE-IRENSU GUDA HUƊU

Na farko, gyambon saman fata. Yakan fara da ɗan ƙurji mai ruwa, ya fashe, ya yi ɓawo mai ruwan ɗorawa kamar busasshiyar zuma. An fi ganinsa kewayen hanci da baki, da hannu da ƙafa. Yana da saurin yaɗuwa. Yaro ya sosa nan ya taɓa can, ko ya yi wasa da ƙaninsa, sai ka ga gida duka ya ɗauka.

Na biyu, maruru. Mugunya ce ke taruwa a ƙarƙashin fata, wurin ya yi tauri, ya yi zogi, daga baya ya nuna. Mukan ji ana cewa zafin jiki ne ke fitowa, ko mangwaro ne ya jawo shi. Abin da ya haɗa su kawai shi ne lokacinsu ɗaya: bazara ce ke kawo mangwaro, ita ce kuma ke kawo gumi da ƙurajen zafi da yaro ke sosawa. Kada a hana yara mangwaro, yana gina jikinsu.

Na uku, kumburi mai yaɗuwa. Wannan ba shi da baki kamar maruru. Ƙwayoyin sun shiga ƙarƙashin fata suna tafiya. Littattafan asibiti sukan ce wurin zai yi ja, amma a baƙar fata irin tamu jan ba ya fitowa sosai. Ku duba da hannu: wurin ya fi sauran jiki zafi, ya kumbura, yana sheƙi, yaro na kuka in an taɓa. Sau da yawa kaluluwa kan fito a hantsa ko hammata, zazzaɓi ya biyo baya. Wannan ba na jinyar gida ba ne.

Na huɗu, ciwon fata a jikin jariri, musamman cibiya. Za mu dawo kansa, domin shi ne ya fi gaggawa.

INDA ƘURJI KAN KAI YARO

In ƙwayoyin suka wuce fata suna da hanyoyi da dama. Suna iya shiga jini su bazu ko'ina, yaro ya galabaita cikin kwana ɗaya ko biyu. Suna iya sauka cikin tsoka ko ƙashi, yaro ya fara ɗingishi ko ya ƙi taka ƙafa. Masu ciwon sikila sun fi shiga wannan haɗari. Sai kuma hanyar ƙoda, wadda ta fi yaudara domin takan bayyana bayan gyambon ya bushe, kamar mako uku zuwa shida. Jiki ne ke yaƙi da ƙwayar sitireftokokus, yaƙin ya shafi matatar ƙoda. Alamunsa kumburin fuska da ƙafa, fitsari kaɗan mai duhu, wani lokaci ciwon kai da jijjiga saboda jini ya hau. Yawancin yara na warkewa in an kai su da wuri. Binciken shekarun baya-bayan nan ya kuma nuna cewa wannan ƙwaya, ko ta fata ta shiga, tana iya sa hannu cikin ciwon da ke lalata ƙofofin zuciyar yara.

Yaron da tamowa ta kama, ko wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, garkuwar jikinsa ta yi rauni. Ƙurjin da ɗan'uwansa zai warke da shi cikin mako guda, shi yana iya kwantar da shi. Shi ya sa allurar rigakafin ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15, da abinci mai gina jiki kamar wake, gyada, kifi, ƙwai da zogale, duk suna cikin kula da fata.

ƘAZUWA: A YI WA GIDA DUKA MAGANI

A ƙauyukanmu ƙazuwa na cikin manyan masu buɗe wa gyambo ƙofa. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa rami cikin fata ya yi ƙwai. Ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, kuma an fi ganinta tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, ƙugu da ɗuwawu. A jarirai har tafin hannu da tafin ƙafa da kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum miliyan 200 na ɗauke da ita a kowane lokaci, kuma a 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su.

A nan dole mu faɗi namu kuskuren. Akwai shekarar da muka raba maganin ƙazuwa, muka ce a shafa wa yaran da ke susa kawai, don maganin ya isa kowa. Kafin wata biyu ta dawo kamar ba a yi komai ba. Ashe wanda ya ɗauki ƙazuwa karon farko yakan yi mako huɗu zuwa shida kafin ya fara jin ƙaiƙayi, alhali yana iya ba wani. Mun yi wa masu susa magani, mun bar masu ɗauke da ita a ɓoye, suka mayar musu.

Ga ƙa'idar da muka koya. Duk wanda ke kwana a gidan, mai susa da marar susa, a yi masa magani rana ɗaya. Ruwan magani na benzil benzowet ko man fametirin ake shafawa daga wuya har tafin ƙafa, ba kan ƙurajen kaɗai ba. Ma'aikacin lafiya ne zai faɗi awa nawa za a bar shi da ranar da za a maimaita. Benzil benzowet yana da zafi, ana sirka shi da ruwa domin yara, kuma jarirai da masu juna biyu sai an tambaya tukuna. In akwai gyambo mai mugunya, a nuna wa ma'aikacin lafiya kafin a shafa. A wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi cikin leda na mako guda, domin ƙwaron ba ya wuce kwana biyu ko uku a raye in ba a jikin mutum ba. Ƙaiƙayi na iya ci gaba har mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwaron ya mutu, kada a ce maganin bai yi ba.

A tsibiran ƙasar Fiji an gwada ba al'umma duka maganin ibamektin, wanda wasunmu suka sani da sunan Mectizan. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna bayan shekara guda ƙazuwa ta ragu da kashi 94 cikin 100, gyambon fata kuma ya ragu da kashi 67 cikin 100. Ku lura: ƙazuwa aka kashe, gyambo ya bi ta. Amma kada kowa ya je ya sayi wannan magani da kansa. Ba a ba masu juna biyu da yaran da ba su kai kilo 15 ba.

SABULU DA FARCE

A birnin Karaci na ƙasar Pakistan an yi wani gwaji a unguwannin talakawa, aka buga sakamakonsa a 2005. An ba wasu gidaje sabulu ana ziyartarsu kowane mako ana ƙarfafa wanke hannu da wanka, wasu kuma aka bar su yadda suke. A gidajen da aka ba sabulu, gyambon fata a yara ya ragu da kashi 34 cikin 100, gudawa ta ragu da fiye da rabi. Abin da ya fi faranta mana rai shi ne, sabulu na yau da kullum ya yi aiki daidai da mai tsadar da aka ce yana kashe ƙwayoyin cuta. Wato sabulun da ke hannunku ya isa.

Saboda haka a yi wa yaro wanka da sabulu kullum. Da hunturu a ɗuma ruwan, a yi da rana tsaka in gari ya sake. A yanke wa yara farce kowane mako, domin farce shi ne fartanyar da ke shuka ciwon daga wuri zuwa wuri. Yaro mai gyambo a ware masa sosonsa da tsummansa. A kwana cikin gidan sauro: yana tsare zazzaɓin cizon sauro, yana kuma rage susa. In za a yi aski ko kaciya ko hujin kunne, a sayi sabuwar reza ko a tafasa kayan aikin.

JINYAR GIDA

In ƙurajen kaɗan ne, yaro na ci yana wasa, babu zazzaɓi, ga abin da za a yi:

1. Uwa ta wanke hannunta da sabulu kafin ta taɓa ciwon da bayan ta gama.
2. A tafasa ruwa rabin lita, wato cikin ledar fiya wata ɗaya, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a bari ya huce. A jiƙa ɓawon da tsumma mai tsabta har ya yi laushi ya fita da kansa. A yi haka safe da yamma.
3. A nemi man shafawa mai kashe bakteriya a wurin ma'aikacin lafiya. Yawanci kwana biyar ake shafa shi.
4. A rufe ciwon da tsumma mai tsabta saboda ƙuda da susa, a canza shi kullum.
5. In maruru ne, a ɗora tsumma mai ɗumi sau uku ko huɗu a rana har ya fashe da kansa.
6. In an kwana uku babu sauƙi, ko ƙurajen na ƙaruwa, a tafi asibiti.

Ga kuma abubuwan da muke roƙon a daina. Kada a sa baƙin mai, ko toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko man goge baki a kan ciwo. Ƙasa da kashin dabbobi na ɗauke da ƙwayar tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki ya kulle haƙora. Kada a fasa kafso a barbaɗa. Kada a matse maruru, balle wanda ke kan hanci, leɓen sama ko kusa da ido, domin jijiyoyin jinin wannan wuri suna da hanya zuwa cikin kai. Kada a yi wa yaro sakiya a gida. In maruru na bukatar tsagawa, a asibiti za a yi da kayan da aka tsabtace. Kada a shafa man bilicin ko mayukan ƙaiƙayi masu haɗe-haɗen magani da ake sayarwa a kasuwa. Da yawansu na ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi amma ya raunana fata, ƙwayoyin cuta su ƙara samun wuri.

Sai maganar kemis. Mun san yadda ake yi: a sayi kafso biyu ko huɗu gwargwadon kuɗin da ke hannu, yaro ya ɗan ji sauƙi, a tsaya. Wannan yana kashe raunanan ƙwayoyi ya bar masu taurin kai, gobe maganin ya daina aiki a kansu. In an rubuta maganin kwana biyar, a sha na kwana biyar. Kuma kada mu matsa wa ma'aikacin lafiya cewa sai allura. A arewacin Ostareliya an gwada wannan a kan yara 508 masu gyambon fata, aka buga sakamakon a 2014: maganin sha na 'yan kwanaki ya warkar da su daidai da allurar fenisilin.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

Muna roƙon kowa ya haddace waɗannan. In an ga ko da guda ɗaya, yau za a tafi, ba gobe ba, ba ranar kasuwa ba:

1. Ciwon fata tare da zazzaɓi mai zafi.
2. Kumburi mai zafi da ke faɗaɗa. A zagaye bakinsa da biro. In ya ƙetare zanen cikin 'yan awoyi, tafiya yake yi.
3. Kumburi a fuska ko kewayen ido.
4. Yaro ya ƙi nono ko ruwa, yana aman duk abin da ya ci, yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai.
5. Ya ƙi taka ƙafa ko motsa hannu.
6. Fata na saɓulewa kamar an zuba mata ruwan zafi, ko wurin ciwon ya yi baƙi yana wari.
7. Kumburin fuska ko ƙafa da fitsari mai duhu, ko da gyambon ya riga ya warke.
8. Duk ƙurji mai mugunya a jikin jaririn da bai kai wata biyu ba.

A fara da asibitin da ya fi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku babban asibiti a Gwandu ko Kalgo, ko asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi. Ku karɓi takardar turawa, ku tafi da ita.

CIBIYAR JARIRI

Iyayenmu ungozomomi, wannan taku ce. Cibiya ƙofa ce da ke buɗe kai tsaye zuwa jinin jariri. A yanke ta da sabuwar reza, a ɗaure da zare mai tsabta. Kada a gasa ta da tsumma, kada a sa man zafi, toka ko gishiri. Akwai magani na musamman mai suna kulohekzidin, ana samunsa a ɗan bututu da sunan Chlorxy-G. Maƙwabciyarmu jihar Sakkwato ce ta fara raba shi ga masu haihuwa a gida a 2013, kuma a 2016 Gwamnatin Tarayya ta fitar da tsarin yaɗa shi a ƙasa duka. Ana shafa shi a cibiya tun ranar haihuwa, sau ɗaya kullum. Mai ciki ta tambaye shi tun lokacin awo, ta ajiye tare da kayan haihuwa. Gargaɗi ɗaya: na cibiya ne kaɗai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shela cewa an sami yara a ƙasashen Afirka da idanunsu suka lalace, wasu har suka makance, saboda an ɗauke shi maganin ido. A ajiye shi nesa da maganin ido.

In cibiya na fitar da mugunya ko wari, ko fatar cikin da ke kewaye da ita ta kumbura ta yi zafi, ko jariri ya rage shan nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, a fita da shi nan take. Kada a ce sai an yi suna.

KALMA ƊAYA KAN CIWON NOMA

Akwai ciwon da ba daga fata yake farawa ba amma a fatar fuska yake ƙarewa, kuma yankinmu na arewa maso yamma na cikin inda aka fi samunsa. Likitoci na kiransa noma, wasu a ƙauye sukan ce ciwon daji ko ciwon iska. Yakan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓi. Yana farawa da dasashi mai jini da warin baki, kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki naman ya ruɓe ya huje. In ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma na mutuwa. In an kama shi tun yana dasashi, maganin kashe bakteriya da wanke baki da abinci suna tsayar da shi. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin wannan ciwo tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na aiki tare da su tun 2014, kuma kyauta ake jinya. A watan Disamba na 2023, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Iyaye mata, in yaro na jinya, ku riƙa buɗe bakinsa kuna dubawa.

ABIN DA ZA MU YI TARE

Mu koma kan yaron da muka fara da shi. Uwarsa ta ga kumburin tun ranar farko, ta kuma san ba lafiya ba. Abin da ya tsayar da ita kwana huɗu abu biyu ne: ba ta da izini, ba ta da kuɗin mashin. Wannan ba likita ne zai gyara mana ba, mu ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarwari huɗu da muke so kowace ikilisiya ta tattauna kafin haɗuwarmu ta gaba.

Na ɗaya, iyayenmu maza, kafin ku tafi cin rani ko wata doguwar tafiya, ku faɗa a gaban shaida cewa in yaro ya nuna ɗaya daga alamun nan takwas, uwarsa ta kai shi asibiti ba sai ta jira ku ba.

Na biyu, zumuntar mata ta buɗe ɗan asusun gaggawa. Ko mudun gero ne kowace ta kawo lokacin kaka, a sayar a ajiye, mai bukata ta ranta ta biya daga baya. A kuma san masu mashin biyu da za a iya tasa ko da tsakar dare.

Na uku, masu koyar da yara ran Lahadi su ɗauki minti biyar su duba hannuwa da farce da kawunan yaran. Wanda aka ga yana da ƙazuwa ko gyambo, a gaya wa uwarsa a keɓe, cikin mutunci, ba a gaban jama'a ba.

Na huɗu, in ƙazuwa ta shiga unguwa, a je wurin ma'aikacin lafiya a tsayar da rana ɗaya da kowane gida zai yi magani. A gayyaci maƙwabta duka, domin yaranmu da nasu wuri ɗaya suke wasa, rijiya ɗaya suke ɗibar ruwa.

Tambayoyin tattaunawa: A wane lokaci na shekara ne ƙuraje suka fi damun yara a ƙauyenku? Me aka saba sa wa ciwo a gidajenku, kuma wanne ya kamata a bari? In yaro ya kamu da tsakar dare, wa zai kai shi asibiti, kuma da wane kuɗi?

'Yan'uwa, in kun koma gida yau, kafin yara su kwanta, ku kira su ɗaya bayan ɗaya ku duba tsakanin yatsunsu, da ƙafafunsu, da bakinsu.  Allah ya raya mana yaranmu, ya kai kowa gida lafiya.